Digiri, Taro ko Kwas na Waya: Wanne Ya Fi wa Ma'aikacin Laburare Mai Koyar da Tantance Bayanai a Kano?

Wata ƙanwata a wurin aiki, wadda ba ta fi shekara uku da shigowa laburare ba, ta same ni a ofis ranar da aka gama zagayawa da sababbin ɗalibai. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce, "Yaya, minti arba'in na yi ina yi musu bayanin katalogi da lambobin kanta, wallahi ko mutum goma ba su ɗago kai daga waya ba. Da na ce akwai mai tambaya, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce shi lambar sirrin intanet ɗin laburare kawai yake so." Ta ce nan da wata biyu za ta kwashi adashe, kuma ta ƙudura cewa a kan ƙaro sani za ta kashe kuɗin. Inda za ta dosa ne ya gagare ta: ta yanki fom ɗin digiri na biyu, ko ta tafi babban taron shekara na ƙungiyar ma'aikatan laburare, ko kuwa ta duƙufa kan kwasa-kwasan intanet ɗin nan da ake ta turowa a zaurukan WhatsApp.

Abin da na fara tambayar ta shi ne, me ya yi mata ƙaranci? Takardar da za a ajiye a fayil ranar ƙarin girma, ko sanin mutane, ko iya tsayuwa a gaban aji? Hanyoyin nan uku ba haja ɗaya suke sayarwa ba. Kuma abin da ya kore ta daga ɗakin taro da gumi a ranar, wato rashin iya riƙe aji, shi ne wanda hanyoyin da suka fi tsada suka fi yin sakaci da shi.

Aikin kansa ya sauya a hannunmu. Da, darasin amfani da laburare bai wuce a nuna wa ɗalibi akwatin kati, a koya masa bambancin littafin aro da na dubawa a mayar ba. Wani Ba'amurke mai suna Paul Zurkowski ne ya fara raɗa wa wannan fanni sunan da Turawa ke kiran sa da shi a 1974, mu kuma muna cewa ilimin nemo bayani da tantance shi. A yau ɗalibi ba ya ƙarancin bayani, ambaliya ce ma take cin sa. A watan Agustan 2014 aka tashi mutane cikin dare da kiran waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, wai maganin Ebola ne, har aka yi asarar rai. A 2018 maganar Jibrin na Sudan ta yi ƙarfin da sai da Shugaba Buhari ya fito da bakinsa a ƙasar Folan ya ce shi ne dai ba wani ba. Daga ƙarshen 2022 kuma ChatGPT, mai amsa tambaya da ƙirƙirarriyar basira, ya shigo, yana iya jero wa ɗalibi sunayen mujallu da marubuta da shekaru tsaf, a je a duba a tarar babu su a duniya. Wanda zai tsaya gaban ɗaliban da suka taso cikin wannan yanayi, nuna kanta kaɗai ba zai fisshe shi ba.

Mu fara da digiri, tunda shi ne zuciya ta fi karkata gare shi. Ɗan Kano bai da wahalar nisa. Jami'ar Bayero na da sashen nazarin laburare da kimiyyar bayanai a Tsangayar Ilimi tun ƙarshen shekarun 1970, ana yin digiri na biyu da na uku a nan sabuwar jami'a kan titin Gwarzo. Zariya ma ba nisa, kuma sashen Jami'ar Ahmadu Bello ya girme shi, tun 1968 aka kafa shi. In a laburaren jami'a kike aiki, na ce mata, to maganar digiri na biyu ba zaɓi ba ce, lokaci kawai za ki zaɓa. Ma'aikatan laburare masu digiri a jami'o'in Najeriya a layin malamai suke, da awon malamai ake auna su: takardar digiri, da yawan maƙalun da aka buga a mujallu. Ba digiri na biyu, tsanin ƙarin girma gajere ne. Kujerar shugaban laburaren jami'a kuwa, a yanzu da wuya a ga tallar da ba ta nemi digirin digirgir ba.

Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba. Ranar da za ki shiga ofishin shugaban wani sashe ki ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni awa biyu da 'yan aji huɗu kafin su fara rubuta kundinsu," kallon da zai yi miki ya danganta da ko yana ganin ki abokiyar aiki ce ko mai gadin littattafai. Digiri yana buɗe wannan ƙofa. Haka nan sabon tsarin manhaja da hukumar jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ta ga ya dace da ita. A cikin wannan kashi talatin ne laburare zai iya neman gurbin darasi mai maki na kansa, kuma a zauren da ake yanke irin wannan hukunci, masu digiri ake saurara.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Digiri na biyu a fanninmu bincike yake koyarwa, da sarrafa laburare, da tsara bayanai. Ba ya koya maka yadda za ka tsara darasin minti hamsin, ko yadda za ka gane cewa ɗalibi ya fahimta ba gyaɗa kai kawai yake yi ba. Na sha ganin kundin digiri mai take irin "nazarin ƙwarewar ɗalibai wajen neman bayani a makaranta kaza", an raba takardun tambayoyi, an zana jadawali, an kammala da cewa ɗalibai na buƙatar horo, alhali mai kundin bai taɓa horar da ko mutum biyar ba. Sannan ga lokaci. A takarda shekara biyu ne ko ƙasa da haka, amma wanda ya shiga a 2020 ko 2022 ya san yadda yajin aikin malaman jami'a ya cinye wata tara a ta farko, wata takwas a ta biyu. Ko ba yajin aiki, jiran malami mai duba kundi ya karanta babi na biyu wani karatun haƙuri ne mai zaman kansa. Kuɗin adashe guda kuma rajistar shekarar farko kawai zai iya ɗauka, sauran hidima tana nan tana jira.

Batun tallafi ya raba mu gida biyu, kuma gara mutum ya san gidan da yake tun da wuri. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta ba shi siffarsa ta yanzu, yana da kason ƙaro karatun malamai da na halartar taruka, amma na manyan makarantun gwamnati ne kaɗai: jami'o'i, da kwalejojin fasaha, da kwalejojin ilimi. Wanda ke Jami'ar Bayero, ko Kwalejin Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, ko Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, yana iya shiga layi ta hannun makarantarsa. Wanda ke Laburaren Murtala Muhammad a titin Ahmadu Bello, ko laburaren wata sakandare, ko jami'a mai zaman kanta, ba ya cikin lissafin. Daga farkon 2025 kuma asusun ya dakatar da tura sababbin malamai karatu ƙasashen waje, ya mai da hankali kan na cikin gida.

Akwai wata takarda da 'yan laburare ke wucewa ba sa ko waiwaye, alhali ita ce ta fi kusa da ciwon ƙanwar tawa: babbar difilomar koyarwa ta bayan digiri, wadda aka fi sani da PGDE. Ana yin ta a Tsangayar Ilimi ta Bayero, ana yin ta a cibiyoyin Hukumar Horar da Malamai ta Ƙasa mai hedikwata a Kaduna, ga kuma jami'ar karatu daga gida ta NOUN da ke da cibiya a Sauna ta wajen Dakata. Ba ta kai digiri na biyu tsawo ba. A cikinta ne ake koyon rubuta manufar darasi, da dabarun tambaya, da auna fahimta, sannan dole a tura ka koyarwar gwaji wani ya zauna a bayan aji yana rubuta kurakuranka. Wannan zama na bayan aji, duk ɗacinsa, babu kwas na intanet da zai maye gurbinsa. Aibinta shi ne, a fayil ɗin ƙarin girman ma'aikacin laburaren jami'a ba ta da nauyin digiri na biyu a fanninsa, kuma misalanta na ajin sakandare ne, kai za ka juya su su dace da laburare. Amma ga mai kula da laburaren makarantar sakandare, ni ita zan sa a gaba da komai.

Sai taro. Ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Najeriya, NLA, tun 1962 take, tana da reshe a jihohi har da Kano, kuma babban taronta na shekara yana zagaya garuruwa. Gefe guda ga hukumar rajista ta LRCN da doka mai lamba 12 ta 1995 ta kafa, wadda ke ba da shaidar cewa mutum ƙwararre ne, shi ya sa za ka ga wasu na liƙa haruffan CLN a bayan sunansu. Rajistar nan a yi ta, ba abin muhawara ba ce, tamkar lasisin tuƙi take. Sai dai lasisi bai taɓa koya wa kowa tuƙi ba.

Babban taro kuwa, gaskiyar magana, mafi yawan kuɗinsa a mota da masauki yake tafiya. In a kudu aka yi shi, ɗan Kano zai kashe kwana biyu a hanya zuwa da dawowa ko ya sayi tikitin jirgi mai cinye albashi. Ranar farko ta manyan baƙi ce da jawabai. Maƙalu kuma a jere ake karanto su, kowa da 'yan mintocinsa, shugaban zama na duban agogo. Wanda ya je da niyyar ya dawo ya iya koyarwa zai dawo da jaka da baje da hotuna. Amma kada a raina abin da ake samu a bakin ƙofar zaure da wurin cin abinci. A nan za ki haɗu da wata daga Ilori ko Nsukka da ta riga ta shawo kan majalisar jami'arsu aka ba laburare darasi mai maki, ki karɓi lambarta, ta turo miki takardar da suka rubuta. A nan ake samun abokin rubuta maƙala, a nan ake jin labarin gurbin aiki da na tallafi kafin ya bazu. Hukuncina a kan taro gajere ne: in kina da maƙalar da aka karɓa za ki gabatar, ko makaranta za ta biya, ki je. In daga adashenki ne kuma zama kawai za ki yi ki tafa, bari sai shekarar da aka kawo shi kusa, Kaduna ko Abuja ko nan gida. Kafin nan ki riƙa halartar zaman reshen jiha, wanda kuɗin adaidaita sahu kawai zai ci miki.

Na ƙasashen waje ba zan daɗe a kansu ba. Akwai taron ƙungiyar laburare ta duniya, IFLA, akwai LILAC a Birtaniya wanda kacokan a kan koyar da tantance bayanai yake, akwai shirin Cibiyar Mortenson ta Jami'ar Illinois a Amurka, wadda ta taɓa aiki da laburaren Bayero a zamanin tallafin Gidauniyar MacArthur. Da canjin dala na yanzu da wahalar biza, waɗannan sai da tallafi. A nema, ba laifi, amma kada a jingina shirin shekara a kansu. Abin daɗin shi ne masu LILAC na ajiye kayan gabatarwar shekarun baya a shafinsu kyauta, kuma mujallar Journal of Information Literacy ba a biyan ko kwabo kafin a karanta ta.

Wannan ya kawo mu hanya ta uku, wadda ta fi araha kuma aka fi rainawa. Ni a ganina a nan naman yake, in har mutum ya iya zaɓe. Zan ba da misali ɗaya da ya sauya yadda nake koyarwa gaba ɗaya. Shekaru da dama muna ba ɗalibai jerin tambayoyi biyar da aka tsara a wata jami'ar jihar Kalifoniya a 2004: bayanin sabo ne, ya dace da buƙata, wa ya rubuta, daidai ne, mece ce manufarsa. Ɗalibi zai zauna a kan shafi guda yana ƙare masa kallo yana cike gurabe. Sai a 2017 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Stanford, Sam Wineburg da Sarah McGrew, suka gwada rukuni uku: malaman tarihi goma masu digirin digirgir, ɗalibai 25, da ƙwararrun masu bin diddigin labarai goma. Malaman da ɗaliban sukan tsaya cikin shafin suna duba kyan tambari da tsarin rubutu, kuma shafukan bogi masu kwalliya suka ruɗi da yawansu. Masu bin diddigi kuwa ko minti ɗaya ba sa yi sai su fice, su buɗe wasu shafuka su tambaya: su waye waɗannan, me wasu ke cewa a kansu? Suka fi kowa sauri, suka fi kowa dacewa. Daga irin wannan fahimta ce wani masani Ba'amurke, Mike Caulfield, ya tsara matakai huɗu masu sauƙin haddacewa: dakata tukuna, binciki mai maganar, nemi inda aka fi kawo labarin da inganci, sannan bi sawun magana ko hoto har asalinsa. Darussan da aka gina a kan binciken na Stanford suna nan a intanet kyauta, da takardun aikin aji. Ban ji wannan a ajin digiri ba, ban ji shi a zauren taro ba. A waya na karanta shi, da datar da ba ta kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Akwai wasu da suka cancanci lokacinki. Hukumar UNESCO ta fitar da manhajar koyar da malamai ilimin kafofin watsa labarai da tantance bayanai a 2011, ta sabunta ta a 2021, ana sauke ta kyauta. Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan tafiya: a Abuja aka ƙaddamar da ƙawancen duniya na wannan fanni a 2013, a Abuja kuma aka yi bikin makonsa na duniya a 2022. Makon yana zuwa ne daga 24 zuwa 31 ga Oktoba kowace shekara, lokacin da laccocin intanet na kyauta ke yawaita, kuma dama ce ta neman izinin shugaba a shirya wani abu a laburare ba tare da dogon bayani ba. Wanda ke hulɗa da ɗaliban likitanci ko noma ko shari'a, ya nemi kwas ɗin Research4Life, mai koyar da amfani da rumbunan Hinari na lafiya, AGORA na noma, OARE na muhalli, ARDI na ƙere-ƙere da GOALI na shari'a. Ma'aikacin laburaren da ya iya zama da likita mai neman ƙwarewa ya tace masa bincike a rumbun maƙalun lafiya na PubMed cikin minti goma, ba zai sake roƙon a ba shi aji ba, nemansa za a riƙa yi. Sai ƙungiyar laburaren Afirka, AfLIA, mai hedikwata a Akara ta ƙasar Gana tun 2013, wadda kwasa-kwasanta suka fi kusa da yanayinmu domin 'yan Afirka ne ke koyarwa.

Wanda na fi so a cikinsu ma ba kwas ba ne. Gangamin 1Lib1Ref ne, da aka fara a 2016, inda ake roƙon kowane ma'aikacin laburare ya ƙara madogara ɗaya tak a wata maƙalar Wikipedia. An saba yin sa daga 15 ga Janairu zuwa 5 ga Fabrairu, a sake daga 15 ga Mayu zuwa 5 ga Yuni. Wikipedia ta Hausa cike take da jimlolin da ba su da madogara, kuma akwai ƙungiyar masu gyara ta da ke shirya horo. Ki zaunar da ɗalibai ashirin, kowa ya ɗauki jimla ɗaya a maƙalar Ganuwar Kano ko Kasuwar Kurmi, ya tashi ya nemo littafin da ya tabbatar da ita a kanta, ya rubuta shafi da shekara. A awa guda sun koyi neman littafi, da auna madogara, da rubuta ta, kuma sun ga aikinsu ya hau duniya da Hausa. Wayar da ta hana su sauraron ki ita ce ta zama allon darasi.

Kada na yi wa hanyar nan kwalliyar da ta wuce kima. Aibinta na farko, ba mai tsare ka. Rajista ba wuya, kammalawa ce aiki, musamman ga wadda za ta koma gida ta tarar da girki da yara, ga wuta ta ɗauke, ga zafin watan Afrilu. Maganin da na gani yana aiki shi ne mutum uku ko huɗu su yi rajista tare, su ware awa ɗaya a mako a laburare bayan la'asar. Na biyu, satifiket ɗinsu ba shi da wani nauyi a gaban kwamitin ƙarin girma, kada ki yaudari kanki. Na uku, kasuwar ta cika da 'yan damfara: wata "cibiyar ƙasa da ƙasa" da ba a san ofishinta ba za ta turo miki saƙo cewa an zaɓe ki, ki biya kaza a ba ki lambar girma, ko mujallar da ke buga maƙala cikin kwana uku in an biya. Abin kunya ne mai koyar da tantancewa ya faɗa wannan rami, kuma ana faɗawa. Matakai huɗun nan a fara gwada su a kan mai tallar kwas ɗin, mujalla kuma a duba ko tana cikin rumbun DOAJ, mai jera mujallun kyauta da aka tantance.

Aibi na huɗu shi ya fi girma, kuma ya shafi duk hanyoyin uku. Kusan duk kayan nan an gina su ne a kan mai karanta shafin Turanci a kwamfuta. Mu kuwa ji-ta-ji-tarmu da murya take zuwa: saƙon murya na minti uku da Hausa, ba suna, ba kwanan wata, an fara da sallama da salati, an rufe da "don Allah a tura wa 'yan uwa". Ko guntun bidiyon wa'azi da aka yanke gaba da baya. Ko hoton wani rikici na wata ƙasa a ce jiya ne a unguwa kaza. A nan 'yan jarida masu bin diddigi sun riga mu nisa. Dubawa, wadda aka kafa a 2018 kuma sunanta ma Hausa ne, da Africa Check, da cibiyar CITAD da ke nan cikin Kano tana aiki a kan kalaman ƙiyayya da ilimin fasahar zamani, duk suna shirya bita lokaci zuwa lokaci. Ba don 'yan laburare aka shirya ba, amma ban ga abin da zai hana mu neman kujera ba. Yini ɗaya da su zai koya miki binciken asalin hoto da Google Lens ko TinEye, da ma'anar kibiya biyun da WhatsApp ke sa wa saƙon da aka yi ta turawa.

Sauran kuma a gida yake, ba sai an saya ba. Tsarin da ƙungiyar laburaren jami'o'in Amurka, ACRL, ta amince da shi a 2016 yana da ginshiƙai shida, ɗaya daga ciki na cewa amincewa da mai magana abu ne da al'umma ke ginawa, kuma yana sauyawa daga wuri zuwa wuri. Ɗalibin Kano ba ya buƙatar misalin Amurka kafin ya gane wannan. A 2003 jihar nan ta dakatar da rigakafin shan inna, ba a dawo da shi ba sai a Yulin 2004, bayan an kawo maganin daga Indunusiya. Tsoron bai faɗo daga sama ba, mutane na tuna gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a 1996. Wannan labari kaɗai ya ishi darasin awa biyu: yaushe shakka take da hujja, yaushe take zama illa, wa mutane suka yarda da shi kuma don me. Sannan yawancin ɗalibanmu sun bi ta Islamiyya. Sun san aya ta 6 a Suratul Hujurati da ke umarni da bin diddigin labari. Sun san isnadi da matani, sun san ingantacce da mai rauni da ƙagagge, sun san malaman hadisi ba sa tsayawa kan daɗin lafazi sai sun tambayi wane ne mai ruwayar, wa ya ji daga wa, me masana suka ce a kansa. Wannan fa shi ne ficewa daga shafi a je a tambayi wasu, wanda aka gano a Stanford. Ranar da na fara tambayar aji, "Wannan saƙon muryar, ina isnadinsa?" dariya aka yi, amma daga ranar kalmar ta zauna a bakinsu.

Da muka zo ƙarshen hira ta ce, "To Yaya, ni yanzu wanne zan ɗauka?" Na ce taura biyu ba ta taunuwa, amma ana iya jera su. Tunda a babbar makaranta take kuma shekarunta na gaba, digiri na biyu na nan tafe dole, sai dai ba da kuɗin adashen bana ba: ta shiga layin tallafin makaranta, ta nemi hutun ƙaro karatu a rubuce, in lokacin ya yi kuma ta zaɓi taken kundi a kan ajin da ita da kanta ta koyar, ta auna ɗalibai kafin darasi da bayansa. Da a sakandare take, da PGDE na ce ta yanka gobe. Da a laburaren jama'a take, inda ba TETFund ba layin malamai, da na ce ta rungumi AfLIA da masu bin diddigi, domin masu shigo mata 'yan jarrabawar JAMB ne da dattawa masu karanta jarida, ba masu rubuta kundi ba.

Kuɗin adashen dai mun raba shi uku a bayan wata tsohuwar takardar aro. Kaso ɗaya na rajistar LRCN da kuɗin ƙungiya. Kaso ɗaya na data da ƙaramin batirin cajin waya. Na ukun ta ajiye don taron baɗi, da sharaɗin sai in ta rubuta maƙala a kan abin da ta gwada. Ta riga ta samu wani malamin sashen Hausa da ya yarda ya ba ta awa ɗaya da 'yan ajinsa a mako na uku na zango mai zuwa. Ta roƙe ni in zo in zauna a kujerar baya da biro da takarda, na ce mata to, amma ta sani ba na rage wa kowa maki.